Yadda Ake Shirya Ranar Rabon Kyaututtuka a Makarantar Karkara

A makarantar firamare ta ƙauye, inda tsohon rim ɗin mota da aka rataye a reshen darbejiya yake zaman ƙararrawa, kuma rabin aji kan ɗauki darasi a kan tabarma, akwai rana guda a shekara da iyaye ke shigowa harabar makaranta ba don an kira su a kan laifin ɗa ba. Wannan ita ce ranar rabon kyaututtuka. Na daɗe ina koyarwa a ƙauyukan Jihar Kano, na halarci irin wannan taro wanda ya yi albarka da wanda ya tashi a banza, kuma abin da na fahimta shi ne baƙon da ya fi kowa muhimmanci a ranar ba ya kan kujerar gaba. Shi ne uban da ɗansa ke daji wurin kiwo a lokacin karatu, da uwar da 'yarta ke yawon talla, waɗanda suka tsaya can bayan rumfa suna kallo. Idan aka yi tsari da su a zuciya, za a ga amfanin taron a cikin rajistar zango mai zuwa.

Shiri yakan fara ne tun ranar da aka dawo hutu, domin kyautar da ba ta da hujja a rubuce gardama take haifarwa, kuma a ƙauye, inda kowa ya san kowa, ba a manta irin wannan gardama da wuri. Wajibi ne kowane malamin aji ya riƙa kiran rajista da safe da kuma bayan an dawo daga tara, saboda yara da yawa kan amsa suna da safe su sulale da zarar an fita tara, musamman ranar kasuwa. Haka kuma makin gwajin aji a rubuta shi a ranar da aka yi gwajin, kada a bari sai ƙarshen zango a zauna ana cike gurabe da ka. Ina ba da shawarar hedimasta ya ware littafi guda, ko da mai shafi 60 ne, wanda za a riƙa rubuta abubuwan da maki ba ya nunawa: yaron da ya tsinci kuɗi ya kawo ofis, yarinyar da ke biyawa ta taho da ƙannen maƙwabta kowace safiya, ɗan aji huɗu da ya shigo zango bai iya haɗa baƙi da wasali ba amma ya fita yana karanta jimla. A sa kwanan wata da sa hannun malamin da ya gani. Ranar da za a zauna zaɓen waɗanda suka cancanta, wannan littafi zai raba gardama.

Sai batun tsayar da rana, kuma a nan ne makarantun karkara suka fi yin kuskure, saboda suna kwaikwayon na birni. Shekarar karatu tana da zango uku, tana farawa a watan Satumba ta ƙare a watan Yuli, shi ya sa aka saba yin biki a ƙarshen zango na uku. Amma Yuli a ƙasarmu tsakiyar damina ne. Magidanta suna gona tun asuba wajen noman farko ko maimai, rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ke hannu ya tafi wajen taki da 'yan ƙwadago, ga shi hadari na iya tasowa a kowane lokaci. Mun taɓa sa rana a irin wannan lokaci a wata makaranta da na yi aiki, aka kwana ana ruwa, gari na wayewa kowa ya ɗauki fartanya ya nufi gona, muka zauna da kujeru babu kowa sai tsofaffi kaɗan. Ban ga laifin kowa ba, domin manomi ba ya wasa da danshin da ya samu. Tun daga ranar na koma ga raba abin gida biyu. A watan Yuli a yi ɗan ƙwarya-ƙwaryar taron sallama ga 'yan aji shida, a ba su sakamako a yi musu addu'a, sannan babban taro a kai shi ƙarshen zango na ɗaya, cikin Disamba, lokacin da gero da dawa suka shiga rumbu, an sayar da gyaɗa da wake da riɗi, kuma kafin 'yan ci-rani su gama ficewa. Wani amfanin wannan tsari shi ne waɗanda suka wuce ƙaramar sakandare za su dawo cikin sabon yunifom su karɓi kyautarsu, ƙannensu na gani. Sai dai inda ake noman rani sosai, kamar Kura da Bunkure da Garun Malam da ke shan ruwan madatsar Tiga, Disamba ma lokacin aiki ne, don haka a tambayi manoman da ke cikin kwamitin makaranta kafin a yanke.

A cikin mako kuwa, a guji ranar kasuwar gari da ta kowace babbar kasuwa da mutanen yankin ke ci. Wanda ke kusa da Wudil ya san Juma'a ba tasa ba ce, na ƙasar Dambatta ya bar Lahadi, na wajen Maigatari ya bar Alhamis, wasu kasuwannin ma sunansu ya faɗi ranarsu, kamar Larabar Abasawa da Ladin Makole. Inda Alhamis ba ranar kasuwa ba ce, ita na fi so, saboda makarantun allo suna hutu, malamansu da almajiransu za su samu halarta, kuma ba a fara hidimar ɗaurin aure ba, wadda takan yi yawa bayan kaka. A duba kalanda kada ranar ta faɗa cikin azumi, tun da yake yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara.

Kada hedimasta ya ɗauki aikin nan shi kaɗai. Kamar mako shida kafin ranar, ya kira zaman haɗin gwiwa na malamai da kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma ya tabbatar akwai mata a ciki waɗanda za su yi magana, domin su ne ke shiga gidajen da shi ba zai iya shiga ba. Bayan an amince da rana, a rubuta takarda zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma ana sanar da shi tare da neman izini, a ajiye kwafi a fayil. Daga nan sai a bi matakan gari yadda aka gada: a fara da mai unguwa, shi ya yi jagora zuwa wurin dagaci, dagaci kuma ya isar ga hakimi idan ana son ya halarta ko ya aiko wakili. Katin gayyata yana da kyau, amma ba ya maye gurbin tattaki. A je da ƙafa, a durƙusa a yi gaisuwa, a ce, “Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne za su nuna abin da suka koya, muka ce ba za a yi ba sai da albarkarka.” Liman ma a same shi a zaurensa, a roƙe shi ya yi sanarwa bayan salla, kuma ya ja hankalin magidanta su bar iyalansu su fito, tare da ba shi tabbacin cewa an ware wa mata wurin zamansu daban. Ardo da mutanen rugagen da ke kewaye a kai musu gayyata har inda suke. Ana saura kwana biyu, mai shela ya zaga gari da yamma.

Maganar kuɗi tana buƙatar taka-tsantsan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne a makarantun gwamnati, saboda haka bai dace a yanka wa kowane yaro kuɗin biki ba, balle a kori wanda bai kawo ba. Ranar da aka ƙirƙira don jawo yara makaranta ba za ta zama sanadin korarsu ba. Hanyar da ta fi ita ce gudummawar ganin dama, kuma a karɓi abin da mutum yake da shi. Wani kwanon gero zai bayar, wani zoɓo busasshe, tela ya ɗinka hijabi biyu, mai shago ya ba da dozin ɗin littattafan rubutu, mai hayar kujeru ya rage farashi, matasa su kafa rumfar zana idan ba a samu kanofi ba. Tsofaffin ɗalibai da ke aiki a birni sukan taimaka ƙwarai idan aka tuntuɓe su da wuri kuma aka gaya musu takamaiman abin da ake so, misali jakar makaranta 10, maimakon a ce su kawo abin da ya sauwaƙa. Kuɗi ya zauna a hannun ma'ajin kwamiti, ba a aljihun hedimasta ba, kuma duk abin da ya shigo, ko kwano ɗaya ne, a rubuta shi da sunan mai shi. Idan ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa a gode masa kamar kowa, amma a sanar da shi tun farko cewa ba a liƙa hoton jam'iyya a filin makaranta.

Yanzu ga zuciyar al'amarin, wato wa za a ba kyauta. Na ɗaya da na biyu da na uku a kowane aji haƙƙinsu ne, babu mai ja. Amma idan aka tsaya a nan, yara ukun nan ne za su riƙa karɓa tun daga aji ɗaya har su fita, galibi 'ya'yan malamai da na ma'aikata waɗanda ke da mai duba musu littafi a gida, sauran kuma su yanke ƙauna. Don haka kyautar da nake ɗauka da girma ita ce ta zuwa makaranta kullum, wadda ɗan kowa zai iya ci, kuma ita ce take nuna ƙoƙarin gida gaba ɗaya, domin yaron da bai yi fashi ba a lokacin shuka da girbi, akwai wanda ya ɗauke masa aikinsa. Idan aka kira shi, a kira mahaifinsa ko mahaifiyarsa su fito tare, dagaci ya miƙa musu da hannunsa. Bayanta sai kyautar wanda ya fi ci gaba, wato wanda ya taso daga can ƙasa ya matso tsakiya, sai ta tsafta, sai ta gaskiya da riƙon amana, sai ta wanda ya fi kowa nisan gida amma ba ya latti, wadda sau da yawa ɗan ruga ne ke ɗauka. Duk yarinyar da ta kammala aji shida a kira sunanta da na mahaifinta a ba ta takardar shaida a gaban jama'a, ko da ba ta zo ta ɗaya ba, saboda a ƙauyukanmu kaiwa wannan mataki kansa nasara ce da aka sha wahala a kanta. Idan akwai yaro mai lalura ta musamman da ke rarrafowa ko ake goyo shi zuwa aji, a karrama shi tare da abokin da ke taimakonsa. Kada kuma a manta da malamin da ya fi riƙe aiki, da mai gadi.

Duk da haka kyaututtukan kada su yi yawa har su rasa daraja, kuma kada yaro ɗaya ya kwashe fiye da biyu. Zaɓen a yi shi a zaman kwamiti, rajista da takardun maki a buɗe a kan tebur, malamin da ɗansa ke cikin takara ya fita har a gama. Na ga inda aka sauya suna a daren biki don a faranta wa wani mai hali, yaran aji kuwa sun san wanda ya fi su, suka yi tsit lokacin da ya kamata su yi tafi, kuma yaron da aka zalunta bai ƙara mayar da hankali ba har ya bar makarantar. Wannan abu yana damuna har yau. Haka nan a hana al'adar kiran na ƙarshe a bainar jama'a ko yi masa waƙar tsiya, domin yaron da aka kunyata a gaban mahaifinsa da wuya ya sake son aji.

Game da abin da za a bayar, a zaɓi wanda zai koma aji ko ya sauƙaƙa karatu: littattafan rubutu, biro da fensir, kayan lissafi, jaka, takalmi, yadin yunifom, sabulu ga mai kyautar tsafta. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi kusan komai amfani a garin da babu lantarki, don da ita yaro zai yi bita bayan isha'i. Kuɗi a hannu ba ya kwana, shi ya sa ba na son a ba yaro ambulan. Idan an samu mai ba da kyauta babba, 'yar akuya ga yarinya tana da ma'ana, domin abin da ta haifa zai iya sayen kayan sakandare. Mafi girman kyauta ga haziƙin aji shida ko na aji uku na ƙaramar sakandare ita ce a biya masa kuɗin fom da na mota zuwa wurin jarrabawa, ko ta shiga kwalejojin gwamnatin tarayya da hukumar NECO ke shiryawa, ko, ga 'yan sakandare, ta makarantun kimiyya irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda aka kafa tun 1977, da ta 'yan mata da ke Garko. Yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da yawa sun tsaya a ƙauye ne kawai saboda babu wanda ya gaya wa iyayensu lokacin da ake sayar da fom.

Abin da yara za su nuna a filin shi ne zai sa mutane su yarda cewa ana karatu. Iyaye sun san bambancin hadda da fahimta, don haka jawabin Turanci da aka haddace wa yaro, wanda shi ma bai san ma'anarsa ba, ba ya burge kowa sai na ɗan lokaci. Abin da na ga yana girgiza taro shi ne a roƙi wani dattijo ya faɗi saƙo nan take, malami ya rubuta a allo, a kira 'yar aji biyu ko uku ta karanta da ƙarfi, sannan a juya, dattijon ya faɗa, ɗan aji huɗu ya rubuta. Lissafi ma a ɗauko shi daga kasuwa: idan buhu yana cin kwano 40, aka sayar da kwano kaza a kan kaza, nawa ya rage kuma nawa aka samu? Ɗan kasuwar da ke cikin taro shi zai tabbatar da amsa. A buɗe da karatun Alƙur'ani daga bakin ɗalibi namiji da mace, wanda ke nuna wa masu shakka cewa boko bai raba yaran da allo ba, kuma wanda ya yi fice a nan a haɗa shi da masu shirya musabaƙa a ƙaramar hukuma, tun da daga nan ake hawa zuwa ta jiha har ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke gudanarwa tun 1986. Muhawara da kacici-kacici sun fi armashi idan aka gayyato makarantar maƙwabtan gari, da alƙalai daga wata makaranta ta uku. Wasan kwaikwayo a kan talla ko fashin makaranta yana isar da saƙo, amma malami ya duba kalmominsa da kyau kada ya zama zagin iyaye, domin uwar da ke ɗora talla yawanci babu ce ta sa ta. Langa da gudun buhu da jan igiya a bar su a ƙarshe. A tuna kuma cewa an sauya taken ƙasa a watan Mayun 2024, saboda haka a tabbatar yara sun iya shi sosai. Mako biyu na gwaji bayan an tashi ya isa, kada a kashe darasi saboda biki.

A ranar, a fara da ƙarfe 9 a gama kafin 12, kuma a fara ko babban baƙo bai iso ba, bayan an sanar da shi hakan cikin ladabi tun lokacin gayyata. Yara su ne za a fara zaunarwa a inuwa, a ajiye randa ko jarkokin ruwan sha kusa da su, domin na ga ƙananan yara suna faɗuwa saboda an jera su a rana ana jiran wanda bai taso daga gida ba. A gwada lasifika da janareto tun jajibere. Duk abin da za a faɗa a faɗe shi da Hausa. Jawabin hedimasta kada ya wuce minti 10, ya faɗi yawan ɗalibai maza da mata, da yawan malamai, da waɗanda suka wuce sakandare, sannan ya ambaci buƙata ɗaya ko biyu da gari zai iya magancewa, kamar rufin ajin da iska ta yaye ko banɗakin 'yan mata. Cikin masu jawabi a nemo 'yar garin da ta yi karatu a wannan makaranta, yanzu take aiki a asibitin sha-ka-tafi ko take koyarwa, ta yi magana da mata kai tsaye. Wanda ya yi alkawari a lasifika, sakataren kwamiti ya rubuta nan take, ya karanta a sake ji. Kafin a sa hoton yara a Facebook ko WhatsApp a nemi yardar iyayensu. A yankin da ke fama da matsalar tsaro kuwa, a shawarci dagaci da jami'an tsaro tun kafin a sa rana, a taƙaita taron, kowa ya isa gida da rana tsaka.

A bakin ƙofa a ajiye tebur da malami ɗaya da mace ɗaya daga kwamiti, riƙe da littafi, don rubuta sunan duk yaron da ya kai shekara shida ba a sa shi makaranta ba, da wanda ya daina zuwa, tare da sunan mahaifi da unguwa. Mai gabatarwa ya riƙa tunatar da jama'a wannan tebur a tsakanin kowane shiri. Washegari a mayar da kujeru da tabarmin aro, hedimasta ya rubuta yadda taron ya gudana a littafin tarihin makaranta, a aika wa Sakataren Ilimi rahoto, a koma a yi wa dagaci da liman da ardo bangajiya. Cikin mako guda ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a gaban kwamiti, a liƙa kwafi a ƙofar ofis. Sunayen da aka tara a teburin nan kuma a raba su unguwa-unguwa a tsakanin 'yan kwamiti, kowa ya bi gidajen da aka ba shi a cikin hutu, ya taimaka wa wanda ba shi da takardar haihuwa ya samo, sannan a ranar Litinin ɗin da aka koma ya biya da safe ya taho da yaran har ƙofar aji.